Yadda ake cin moriyar kakar kiɗa, wasan daɓe da rawa a Landan ba tare da aljihu ya yi kuka ba

Duk wanda karatu ko aiki ko ziyara ya kawo shi Landan ya tarar da watan Satumba to ya zo a kan gaɓa, ko da shi bai sani ba. Mutane da yawa suna ɗauka da zarar lokacin zafi ya wuce shikenan gari ya mutu, sai yayyafi da duhu da zaman ɗaki ana kallon waya, alhali a wajen makaɗa da 'yan wasan daɓe da masu rawa yanzu ne ma shekara take farawa. A watan Agusta da yawansu suna can Edinburgh wajen biki ko suna hutu, Satumba na kamawa sai kowa ya dawo, manyan gidajen wasa su buɗe sabuwar kaka, daga nan har ƙarshen Nuwamba babu daren da zaka rasa abin kallo. Matsalar dai biyu ce, abin ya yi yawa har mutum ya rasa ta ina zai fara, sannan wanda bai san gari ba yana leƙa farashi ya ga fam 90 ko 120 sai ya rufe shafin ya ce wannan ba namu bane. Namu ne wallahi. Tikitin arha yana nan birjik, kawai dai yana da ranarsa da sa'arsa, kuma ba mai biyo ka da shi gida.

Abu na farko, kafin ka taɓa katin bankinka, ka zauna da kalanda ka gane yadda watanni ukun nan suke tafiya, don akwai abin da in ya wuce ka sai baɗi. Farkon Satumba wutsiyar BBC Proms ce, bikin kiɗan da ake yi tun 1895, yawancinsa a Royal Albert Hall, makonni takwas daga tsakiyar Yuli, ana rufewa wajen tsakiyar Satumba. Daren rufewar ka manta da shi, samun tikitinsa sai mai dogon shiri, amma darerakun da ke gabansa ana sayar da tikitin tsayuwa a ranar, fam 8 a 'yan shekarun nan, kuma mai tsayuwa a tsakar zauren ya fi na kan kujerar tsada kusa da makaɗan. Gidan wasan daɓe na Shakespeare's Globe shi ma lokacinsa na ƙurewa, don gidan ba rufi a tsakiyarsa, wasannin waje suna ƙarewa cikin Oktoba, sai a koma ƙaramin zaurensu na ciki, Sam Wanamaker Playhouse, da aka buɗe a 2014, inda ake wasa da hasken kyandir. Oktoba na rawa ne, a nan Dance Umbrella yake faɗowa, bikin rawar zamani da aka fara tun 1978, kuma shi ne watan tarihin baƙar fata a Birtaniya don haka gidaje da yawa suna saka wasanni da kaɗe-kaɗen 'yan Afirka da Karibiyan. Nuwamba kuma na jaz ne, EFG London Jazz Festival, kwana 10 ana yi a wurare barkatai a faɗin gari, tun 1992 ake yinsa. Ƙarshen Nuwamba sai kayan Kirsimeti su fara mamaye ko'ina farashi ya tashi. To ka ga tsarin ya fito da kansa, abin waje ka fara da shi tun kafin sanyi ya yi ƙarfi, na cikin zaure ka bar shi zuwa baya.

Na biyu kasafi. Ni shawarata ka raba abin da ka ware kashi uku amma ba daidai-wa-daida ba. Kaso mafi tsoka ka zuba shi a kan abu ɗaya ko biyu da ranka yake so da gaske, ka saya tun da wuri ka zauna a kujera mai kyau, kada ka yi wa kanka rowa a nan. Kaso na biyu na tikitin gaggawa ne irin na fam 10 zuwa 25, wanda zaka riƙa farauta mako-mako. Na uku kuɗin mota ne da ɗan abin taɓawa kawai, don akwai wasannin kyauta da sun isa su cika maka mako. Inda mutane suke kuskure shi ne su kwashe kuɗin gaba ɗaya su kai wa babban wasa ɗaya na West End, unguwar manyan gidajen wasa a tsakiyar gari, da suka ga tallansa a jikin bas, su fito su ce to mun gani, shikenan kaka ta ƙare musu a dare ɗaya. Irin waɗancan wasannin shekara da shekaru suna nan, ba inda zasu je. Abin da kaka take kawowa na musamman shi ne wanda zai yi mako uku ko dare biyu ya wuce, ƙungiyar rawa daga wata ƙasa, sabon wasan wani marubuci da ba a san shi ba tukuna, makaɗin da ya biyo ta garin sau ɗaya.

Na uku aikin rabin sa'a ne amma shi ne ginshiƙin komai, ka shiga shafukan gidajen ka buɗe asusu ka ba su imel ɗinka, ka ajiye bayanan katinka a ciki, saboda ranar da aka saki tikitin arha ba lokacin tsayawa rubuta adireshi bane, kafin ka gama an kwashe. Waɗanda zan ce ka fara da su: National Theatre da Southbank Centre a bakin kogin Thames, Barbican, Royal Opera House a Covent Garden, Sadler's Wells, Wigmore Hall, sai ƙananan gidajen wasan daɓe irin su Young Vic, Almeida, Royal Court, Bush da Kiln. Kuma ka duba shekarunka, don a garin nan ƙuruciya kuɗi ce. National Theatre na da rangwame ga 'yan shekara 16 zuwa 25, Sadler's Wells na da tsarin tikitin fam 10 ga 'yan 16 zuwa 30, Wigmore Hall kuwa har wanda bai kai 35 ba yana samun tikitin fam 5 a wasu darerakun. Rajistar kyauta ce. In kana da katin ɗalibi ka riƙa yawo da shi, ana tambaya a ƙofa. Farashin nan yana ɗan motsawa daga shekara zuwa shekara don haka ka tabbatar a shafinsu.

Yanzu ga inda aikin yake, sayen tikitin kansa, kuma hanyoyin suna da yawa, kowace da halinta.

Akwai ta ranar Juma'a. National Theatre da Royal Opera House duka suna da abin da suke kira Friday Rush, ƙarfe 1 na rana suke sakin wasu tikitoci na wasannin mako mai zuwa, na National fam 10 ne. Ka saita ƙararrawa sha biyu da minti hamsin, ka shiga asusunka tun kafin lokaci, in an saka ka a layin intanet kada ka sabunta shafin don haushi, baya zaka koma. Kuma ka riga ka yanke shawarar daren da kake so da wanda zaka karɓa in na farko ya ƙare, dare irin na Litinin ko Talata ya fi sauƙin samu fiye da Asabar nesa ba kusa ba.

Akwai ta safiyar ranar wasa. Manhajar TodayTix tana sakin tikitin gaggawa na wasanni da yawa, galibi ƙarfe 10 na safe, wasu kuma ƙuri'a ake jefawa, ka saka sunanka in ka ci a turo maka saƙo ka biya cikin ɗan lokaci. Wasu gidajen har yanzu suna ajiye 'yan kujeru su sayar a tagar tikiti da safe ga wanda ya zo da ƙafarsa. Sai rumfar tikiti da ke dandalin Leicester Square, wadda aka daɗe ana kira TKTS, wadda ƙungiyar gidajen wasan Landan ke gudanarwa tun 1980, tana sayar da tikitin ranar da rangwame. Ka lura da kyau, rumfar tana cikin dandalin ne ita kaɗai a tsaye, titunan da ke kewaye cike suke da shaguna masu manyan alluna suna ihun rabin farashi, wasu na gaskiya ne wasu kuwa kuɗin da zasu ɗora maka a kai ya cinye rangwamen. Kafin ka biya ka tambayi abu biyu, nawa ne ainihin farashin da ke jikin tikitin, kuma kujerar ana ganin dandamali sosai ko akwai abin da ya tare. In dillalin intanet ne ka duba ko yana da alamar STAR, ƙungiyar dillalan tikiti ce da ke da ƙa'idoji. 'Yan cuwa-cuwa da ke tare mutane a bakin ƙofa ko a kafafen sada zumunta kuwa kada ma ka tsaya, tikiti da yawa yanzu a waya suke kuma da suna, sai ka biya a hana ka shiga.

Akwai kuma dabarar kwanakin gwaji. Sabon wasan daɓe kafin daren da 'yan jarida zasu zo su yanke masa hukunci yana yin wasu kwanaki a gaban 'yan kallo ana gyare-gyare, a shafin zaka ga an rubuta previews, kuma farashinsu ya fi sauƙi. Wasan cikakke ne, ba wai rabi zasu yi maka ba, sai dai wataƙila ya ɗan fi tsawo. Amfanin shi ne in wasan ya zo ya yi suna bayan an rubuta shi a jaridu, tikiti ya gagara, kai ka riga ka gani da arha. Royal Court, gidan sababbin marubuta a Sloane Square, su kuma Litinin ce ranar arharsu.

Ta ƙarshe ita ce ta masu haƙuri. Ko an rubuta tikiti ya ƙare, kullum akwai wanda zai fasa zuwa ya mayar da nasa, sai gidan ya sake sakawa a shafi, yawanci kwana ɗaya ko biyu kafin wasan, ko a sayar a taga ga waɗanda suka yi layi awa ɗaya ko biyu kafin a fara. Mutum ɗaya ya fi mutum biyu sa'a a wannan layin, kujera ɗaya tilo ita ce ta fi yawan dawowa. Dama ina ba da shawarar ka koyi zuwa kai kaɗai wani lokacin, jiran sai abokai sun shirya shi ke sa kaka ta wuce ba a ga komai ba.

Mataki na gaba zaɓen kujera, kuma nan ne sabon zuwa yake shan wahala saboda sunayen. Stalls shi ne ƙasa, daf da dandamali. Dress Circle ko Royal Circle bene na farko, galibi nan ne ya fi tsada tare da tsakiyar ƙasa. Upper Circle ko Grand Circle bene na biyu, Balcony ko Gallery can ƙololuwa. Yawancin gidajen West End tsofaffi ne tun zamanin Sarauniya Victoria da ɗan bayanta, kujerun sama matsattsu ne, dogon mutum gwiwarsa zata gaya masa, ga ginshiƙai da ke tare gani. In ka ga an rubuta restricted view to ana nufin wani ɓangare na dandamali ba zai ganu ba, wani lokacin ɗan ƙarfe ne kawai a gabanka wanda minti biyar ka manta da shi, wani lokacin kuma rabin wasan zaka ji da kunne. Shafin SeatPlan yana da hotunan da mutane suka ɗauka daga kujerunsu, ka duba lambar kujerar kafin ka biya.

Kuma kowane irin wasa da inda ya fi daɗin zama. Rawa, musamman bale, rawar gargajiyar Turawa ta kan yatsun ƙafa, da ake fitowa da yawa, daga sama ta fi kyau don a nan zaka ga zanen da jikinsu ke yi a fili, in ka zauna layin farko a ƙasa wani lokacin ƙafafun ma ba zaka gani ba. A Royal Opera House, mai kujeru sama da 2,200, can saman da suke kira Amphitheatre tsakiyarsa gani tar ne kuma sauti yana hawa lafiya lau, kujerun gefe-gefe su ne mafi arha amma sai ka riƙa leƙe. Wasan daɓe na magana kuwa kusa ya fi, kana son ganin fuska. Kiɗan okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa mai jagora, ko ina ka zauna kunne ne ke aiki, a Royal Festival Hall da ke cikin Southbank Centre har akwai kujerun bayan makaɗan, masu arha, inda kake fuskantar jagoransu kana ganin duk yadda yake ba su umarni da hannu da ido, ni na fi son nan ma a kan wasu kujerun tsadar.

To me zaka kalla? A ɓangaren kiɗa, in baka taɓa zama gaban okestira ba ka fara da Barbican inda London Symphony Orchestra take zaune, ko Royal Festival Hall da aka gina a 1951 inda London Philharmonic da Philharmonia suke. Ka nemi abin da za a kaɗa ka saurare shi sau ɗaya ko biyu a waya kafin ranar, bambancin da wannan ke yi ba kaɗan bane, kunne yana son abin da ya taɓa ji. Wigmore Hall ƙarami ne, kujeru ɗari biyar da 'yan kai, tun 1901, na fiyano ne da goge da murya, suna da na ƙarfe 1 na ranar Litinin, awa ɗaya cak, wanda BBC Radio 3 ke watsawa, ya dace da mai gwaji. Jaz kuwa Ronnie Scott's a Soho shi ne mai suna, tun 1959, amma da tsada kuma yana cika, Vortex da Cafe OTO a Dalston sun fi sauƙi, na biyun dai ka shirya jin abin da baka taɓa ji ba, wani daren ka fito kana murna wani daren kana tambayar kanka me ya kawo ka. Jazz Cafe da Roundhouse a Camden da Union Chapel a Islington nan ne mawaƙan ƙasashe daban-daban suke yawan sauka. Lokacin bikin jaz na Nuwamba ka je harabar Southbank Centre ko Barbican ranar Asabar ko Lahadi da rana, ana kiɗa kyauta, ka zauna in ya yi maka, in bai yi ba ka tashi. Sannan makarantun kiɗa, Royal Academy of Music da Royal College of Music da Guildhall, ɗalibansu suna wasanni da yawa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ɗaliban nan ba wasa bane.

Wasan daɓe, damuwar da na fi ji ita ce Turancin, musamman na Shakespeare, mutum ya ce ko na karatu da ƙyar balle wannan. Maganinta ka karanta taƙaitaccen labarin kafin ka je, ka san wane ne wane, wa yake son wa, wa zai kashe wa, sauran 'yan wasan zasu yi maka da jikinsu. Su kansu Turawan da ke gefenka ba kowace kalma suke kamawa ba. Kuma yawancin gidaje suna ware wasu darerakun da ake rubuta maganar a allo a gefen dandamali saboda masu matsalar ji, a jadawalin zaka ga captioned, kowa na iya zuwa. Globe dai ka yi ƙoƙari ka je ko sau ɗaya ka tsaya a tsakar gidan, fam 5 zuwa 10 ne. An buɗe shi a 1997 a kan fasalin gidan wasan zamanin Shakespeare, katako da rufin ciyawa a zagaye, tsakiya sarari. In ka zo da wuri ka samu gaban dandamali ka jingina hannunka a kai, ɗan wasa zai wuce tufarsa ta share ka, ya kalle ka ido cikin ido ya jefa maka magana, jirgin sama ya wuce a sama ya ɗaga kai ya harare shi kowa ya fashe da dariya. Amma tsayuwar kusan awa uku ce, ba a zama a ƙasa, ba a buɗe laima ko ana ruwa don zaka tare na baya, kuma ruwa ba ya tsayar da wasa, rigar ruwa mai hula ita ce maganin.

Rawa ita ce mutane suka fi jin tsoro kuma ita ce ta fi sauƙi, don babu yaren da zai tsaya maka. Sadler's Wells kusa da tashar Angel shi ne babban gidanta, komai ana kawowa, filamenko na Sifaniya, katak na Indiya, hip hop, tango, bale, rawar zamani, kuma a 2025 sun buɗe wani reshen a Stratford. The Place kusa da Euston ƙarami ne, na masu tasowa. In zaka fara, nemi daren da aka haɗa gajerun rawa uku na mutane daban-daban, in ɗaya bai shige ka ba minti 25 ne ya wuce. Kada ka wahalar da kanka da neman ma'ana, ka zaɓi mai rawa ɗaya ka bi shi da ido na ɗan lokaci, ka ga yadda yake ɗaukar nauyin abokin rawarsa, yadda yake sauka daga tsalle ba ƙara, sannan ka ja ido baya ka kalli taron gaba ɗaya. A ƙaramin zaure har numfashinsu zaka ji da ƙarar tafin ƙafa a kan daɓe.

Ranar wasa kuma. Yawanci ƙarfe 7:30 na dare ake farawa, na rana 2:30 ko kusa da haka, galibi Laraba ko Alhamis da Asabar, opera, wato wasan da ake yi da waƙa, mai tsawo tana iya farawa tun 7 ko kafin nan, don haka ka karanta tikitinka kada ka yi zato. Ka isa da rabin awa a hannu, ana duba jaka a ƙofa, babbar jaka ko akwati wasu gidajen basa karɓa sam. In ka makara ko da minti biyu ne za a tsayar da kai a waje kana kallo a talabijin sai an samu gaɓar da za a shigar da kai, wani wasan ma ba gaɓar sai hutun tsakiya, wanda ba hutu kuwa ka yi asara kenan. Barbican ka ƙara masa minti 15 na ɓata, ginin 1982 ne mai hawa-hawa da lunguna, har layin rawaya suka shafa a ƙasa don masu neman hanya, mafi sauƙi ka nemi ƙofar titin Silk Street. Ga mai sallah, a Satumba magariba tana faɗowa wajen ƙarfe 7 daf da fara wasa, sai ka tsara inda zaka yi, amma bayan an mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, ka idar da komai a natse kafin ka fito.

Tufafi ba wanda ya damu, ko a gidan opera zaka ga mai kwat kusa da mai jins. Abin lura kawai waje sanyi ciki zafi, ka sa wanda zaka iya cirewa, manyan gidaje suna da wurin ajiye riga. Ka ci abinci kafin ka shiga, na ciki tsada. Hutun tsakiya minti 15 zuwa 20 ne, layin banɗaki musamman na mata yana da tsawo don haka ana kunna fitila ka miƙe, ruwan famfo kyauta ne in ka tambaya a kanta, ɗan ƙaramin kofin askirim da suke sayarwa a hutun kuwa al'adar gidajen wasansu ce, ka gwada sau ɗaya. Littafin bayanin wasa sayarwa ake yi ba kyauta ba, sunayen 'yan wasan suna shafin intanet in baka son kashe kuɗin.

Sai ladabin zaure, wanda ba wuya amma rashin saninsa yana sa mutum ya tsargu. Waya a kashe, ba a jijjiga ba, haskenta ma yana damun mutane, hoto da bidiyo an hana yayin wasa. A zauren okestira ga yadda abin yake gudana: makaɗa sun zazzauna kowa na ɗan gwada kayansa hayaniya ta cika wuri, sai shugaban masu goge ya fito a tafa masa, sai mai busa wata sarewa da ake kira obo, mai kama da siririyar algaita, ya ja sauti ɗaya dogo, kowa ya daidaita kayansa da shi, sai tsit, sannan jagora ya fito a sake tafi. Simfoni, dogon kiɗan okestira, yawanci kashi huɗu ne da ɗan shiru a tsakaninsu, kuma al'adar ita ce ba a tafi a wannan shirun sai ƙarshe, shi ya sa zaka ji tari ya ɓarke ta ko'ina, kowa ya riƙe nasa. In baka tabbata an gama ba ka jira jagoran ya sauke hannu ya juyo. A jaz akasin haka ne, duk wanda ya gama nuna bajintarsa shi kaɗai ana tafa masa nan take kiɗa na ci gaba. A bale da opera ana tafi bayan rawa ko waƙar da ta burge. Opera kuma kada yaren Italiyanci ko Jamusanci ya hana ka, ana rubuta fassarar Turanci a saman dandamali, English National Opera ma da Turanci suke rerawa.

Komawa gida ka tsara shi tun kafin ka fito. Yawancin wasanni suna tashi tsakanin 10 da 10:30, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki har wajen sha biyun dare, daren Juma'a da Asabar kuma layukan Central, Jubilee, Northern, Piccadilly da Victoria suna kwana suna aiki, bas ɗin dare na nan kullum amma basa karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki ko Oyster, katin shiga bas da jirgi na Landan. Wanda yake zaune wajen gari ya duba jirginsa na ƙarshe, kulob ɗin jaz yana iya kai ka tsakar dare baka ankara ba. Tashar Covent Garden ana tashi daga wasa cunkushewa take yi saboda lif ake jira, taka zuwa Leicester Square ko Holborn, 'yan mintuna ne. In daga National Theatre ko Southbank Centre ka fito, Waterloo na bayanka, ko ka haye gadar ƙafa zuwa Embankment.

Kafin Nuwamba ta ƙare ka leƙa imel ɗin da gidajen suke turo maka, a lokacin ne da yawansu suke fara sayar da tikitin wasannin bayan sabuwar shekara, kuma kujerun arha su ake fara kwashewa. Sunan duk wani darakta ko mai tsara rawa ko makaɗi da ya burge ka a wannan kakar ka rubuta shi a waya, da shi zaka yi bincike in sabon jadawali ya fito.